Sunan Yaro Da Alƙalamin Akawu: Magana Daga Ƙasar Kabi

A Birnin Kebbi da Argungu ana samun magidanta yanzu, galibi waɗanda suka yi karatun zamani, waɗanda in Allah ya ba su ɗa namiji ba su tsayawa ga sunan yanka kaɗai. Bayan an yi wa jariri huɗuba da Muhammadu ko Abubakar, sai uban ya shiga neman wani tsohon suna na kakanni wanda ba a cika jinsa ba a yau, domin ya haɗa masa da shi. Wani ya ce Nabame, wani ya ce Mainasara, wani Arzika ko Tunau. Wannan abin a yaba ne. Amma akwai wani aiki da ya ke biye da zaɓen suna wanda iyaye ba su cika kula da shi ba, watau yadda za a rubuta sunan nan da Boko. Aikin nan kuwa a hannunku ya ke faɗawa, ku malaman makaranta da akawuna, domin ku ne ku ke riƙe da rajista da alƙalami, kuma abin da kuka rubuta ran farko shi ne zai bi yaro har furfura.

Bari mu fara da dalilin da ya sa suna na biyu ya ke da amfani. Kowa ya duba jerin sarakunan Kabi zai ga kakanninmu sun daɗe da warware wannan magana. Wanda ya kafa daular a farkon ƙarni na 16, ya tsaya wa Askiya na Sanwai, ya gina Surame, shi ne Muhammadu Kanta. Sarkin da ya ke kan gado sa'ad da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi a 1805 shi ne Muhammadu Hodi. Bayansa aka yi Sama'ila Karari, wanda aka kashe a 1831. Da ɗansa Yaƙubu Nabame, wanda ya girma a Sakkwato, ya fito ya sake ta da tutar Kabawa a Argungu a 1849. Da Yusufu Mainasara. Da Abdullahi Toga, wanda har yanzu a ke tunawa da sulhun zamaninsa da sunan Lafiyar Toga. A zamanin kusa kuma ga Muhammadu Sama, wanda a lokacinsa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934 aka yi masa bikin su, ga kuma Muhammadu Mera wanda ya yi sarauta daga 1959 zuwa 1996. Ko wannensu yana da sunan Musulunci a gaba, da sunan gida a baya. Da a ce za a share na bayan nan, da ɗalibin tarihi ya rasa yadda zai bambanta Muhammadu da Muhammadu. Gidan tarihin da ke Argungu, wanda shi ne fadar sarki har zuwa 1942, ba a ce masa gidan tarihin Muhammadu ba, sai na Kanta.

Abin da ya ke gaskiya ga sarakuna haka ya ke ga talakawa. Kowane malamin aji ɗaya ya san abin da ya kan faru in ya kira Muhammadu ko Abubakar ran da aka ɗauki sababbin yara: hannuwa da yawa su kan tashi gaba ɗaya. A zamanin En'e maganin da aka samu shi ne a liƙa wa yaro sunan garinsu. Ta haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari, har Sardauna ma a Kwalejin Katsina da sunan Ahmadu Rabah aka san shi. A ƙasarmu kuwa ga Adamu Augie, wanda kwalejin horon malamai ta Argungu ta ke ɗauke da sunansa. Dabara ce mai kyau a sa'ad da yaro ɗaya ko biyu kaɗai su ke fitowa daga gari guda. Yanzu da kowane ƙauye ya ke da makarantarsa, sunan gari bai raba kowa da kowa ba a cikin aji. Sunan da kaka ta sa wa yaro a tsakar gida kuwa yana rabawa, kuma yana ɗauke da labari. Tanko yana gaya maka an haife shi bayan 'yan mata, Gambo bayan tagwaye, Nomau a lokacin noma, Sallau ran Salla, Tunau bayan an daɗe ba a samu haihuwa ba, Cindo kuwa yana da yatsa na shida.

To, a nan ne uba mai neman sunan da ba kowa ke da shi ba ya kamata ya yi hattara. Daɗin suna a kunne bai isa dalili ba. Akwai sunaye irin su Ajuji da Abarshi waɗanda a ke sa wa ɗan da aka haifa bayan 'yan'uwansa sun yi ta rasuwa, watau ɗan wabi, kuma duk tsohuwar da ta ji an kira yaro da ɗayansu za ta ɗauka gidan an sha makoki. Akwai waɗanda asalinsu sarauta ce ko laƙabin wani gida, wanda in bare ya ɗauka sai a ga kamar ya sa rigar da ba tasa ba. Malamanmu kuma suna koya mana cewa suna mai kyau haƙƙin ɗa ne a kan ubansa, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa waɗansu sahabbai sunayen da ma'anarsu ba ta da kyau. Saboda haka kwana bakwai ɗin nan da ke tsakanin haihuwa da suna lokaci ne na zuwa wurin tsofaffin gida da limami a tambaye su: mene ne ma'anar sunan, wa ya taɓa amsa shi a danginmu, kuma yaya ainihin faɗarsa? Tambaya ta ukun nan ita ce a ke mantawa da ita, ita ce kuwa tushen rubutu.

Kafin mu shiga maganar rubutun, ya kyautu mu leƙa wata al'umma da ta riga mu shan wannan wahala, domin labarinsu kamar madubi ne gare mu. A yammacin Turai akwai mutanen da a ke kira Kelt, waɗanda harsunansu suka bambanta da Ingilishi da Faransanci. Su ne mutanen Ailan, da na Wels, da na tsaunukan Sikotlan, da na lardin Biretan a Faransa. Shekaru ɗaruruwa suna ƙarƙashin hukumomin da akawunansu ba su jin harshensu, kuma akawu ya kan rubuta abin da kunnensa ya ba shi. A Wels kalmar ap ko ab daidai ta ke da ɗan a wurinmu. Mutum ya ce shi ap Hywel ne, watau ɗan Hywel, sai aka rubuta Powell. Ap Rhys ya koma Price. Ab Owen ya koma Bowen. Jikokinsu da yawa a yau ba su san cewa harafin farko na sunansu guntun kalmar ɗan ba ne. A Ailan kuwa Ó Briain, watau jikan Brian, ya zama O'Brien. Wani lokaci ma ba a tsaya ga lalata rubutu ba, sai a sauya sunan ɗungum da wani na Ingilishi: yaron da uwarsa ta ke kira Tadhg a rubuta shi Timothy, alhali sunayen biyu ba abin da ya gama su.

Da aka kafa ƙungiyar raya harshen Ailan a 1893, ɗaya daga cikin abubuwan da mutane suka fara yi shi ne komawa ga sunayensu na asali da rubutunsu na asali. Ba a bar su sun yi haka cikin sauƙi ba. A 1905 aka ci wani manomi tara a lardin Donegal, sunansa Niall Mac Giolla Bhríde, domin ya rubuta sunansa a jikin amalankensa da harshensu da haruffansu, hukuma ta ce wannan ba rubutun da a ke iya karantawa ba ne. Lauyan da ya tsaya masa a ɗaukaka ƙara shi ne Patrick Pearse, wanda daga baya ya shugabanci tawayen 1916, kuma an kayar da su a shari'ar. Kada a ce wannan tsohon labari ne. A 2017 wani mutum da matarsa a garin Kemper na Biretan suka sa wa ɗansu suna Fañch, wanda a harshensu shi ne madadin François. A kan harafin n akwai wata 'yar alama kamar igiyar ruwa. Kotu ta ce ba za a rubuta shi haka ba, domin alamar ba ta cikin waɗanda hukuma ta yarda da su a takardun haihuwa. Iyayen suka ɗaukaka ƙara, a 2018 kotun da ke birnin Ren ta ba su gaskiya, maganar kuwa ba ta mutu ba sai a 2019. Shekara biyu ana shari'a a kan alamar da ba ta kai girman ƙwayar gero ba!

Amma mutanen nan sun gane wani abu kuma, wanda ya kamata mu ma mu gane. Uban da ya sa wa ɗansa Tadhg ya san cewa in yaron ya fita ƙasarsu ba wanda zai duba haruffan nan biyar ya san Taig a ke faɗa. Wanda ya zaɓi Eoghan ya san za a yi ta tuntuɓe kafin a ce Owin. Saboda haka su kan zauna tun kafin rajista su auna: za mu riƙe rubutun asali yaro ya yi ta gyara wa mutane, ko za mu sauƙaƙa? Ko wanne suka ɗauka, su kan tsaya a kansa. Mu kuwa mun fi su sa'a, domin Bokon Hausa yana bin lafazi sosai. Wanda ya iya karatu in ya ga Nabame ko Mainasara zai faɗe shi kusan daidai tun karon farko. Matsalarmu ba ta wuyar haruffa ba ce, ta rashin tsayawa wuri ɗaya ce.

Ga inda rikicin ya samo asali. Kakanninmu da Larabci da ajami su ke rubutu, kuma a can Muhammadu hanya ɗaya a ke rubuta shi. Da Turawa suka zo, kowa ya rubuta da irin kunnensa. Kabi ta zama Kebbi, Sakkwato ta zama Sokoto, Yawuri ta zama Yauri, Gwandu kuwa a tsofaffin littattafansu Gando ce. Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya fitar da ƙa'idodin rubutun Hausa a 1912, Bargery ya buga babban ƙamusunsa a 1934, amma a zamanin nan duka ba a daidaita yadda za a nuna sautukan nan namu da Ingilishi ba shi da su ba. Wani ya sa ɗigo, wani ya sa waƙafi a sama. Sai a ƙarshen shekarun 1930, a ofishin talifi na Zariya inda Dokta East ya ke, aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ci gaba da aiki da su. Sai dai littattafai suka samu lanƙwasa, ofisoshi ba su samu ba, domin tafiretar akawu daga Ingila ta zo. Haka Ɗanladi ya zama Danladi, Ƙasimu ya zama Kasimu, Baƙo ya zama Bako, har masu sunan da kansu suka saba.

A ƙasar Kabi kuma akwai ƙarin abu biyu. Na ɗaya shi ne karin harshenmu. Inda Bakano zai sa f, mu sau da yawa h mu ke sawa: shi ya sa Fodi ya ke Hodi a bakin Kabawa, Yusufu kuma ya ke Isuhu. Sunan da Bakano zai ce Ɗahiru, a nan yamma Attahiru ne, kamar na Sarkin Musulmin da ya yi shahada a Burmi a 1903. Wanda ya yi karatun Larabci kuma ya rubuta Tahir, tafireta ta ba da Dahiru. Suna ɗaya, fuska huɗu. Malamin da aka yi wa canji daga wani lardi, in bai kula ba, sai ya ji uba ya ce Isuhu ya rubuta Yusuf, yana ganin ya yi gyara. Na biyu shi ne iyaka. Daga Kamba zuwa Gaya tafiya ce ta ɗan lokaci, kuma dangi ɗaya ne a ko wane gefe, amma can da ƙa'idar Faransanci a ke rubuta sunaye. Usumanu ya koma Ousmane, Isuhu ya koma Issoufou. Yaron da aka haifa a gidan kakarsa a Dosso aka kawo shi makaranta a Argungu yana iya tashi da takardu biyu waɗanda in baƙo ya duba ba zai yarda na mutum ɗaya ba ne.

Wani zai ce, harafi ɗaya me zai yi? To, ya duba gidan sarautar Gwandu. Halilu ya yi sarauta daga 1833 zuwa 1858, wanda ya gaje shi kuwa Haliru ne, daga 1858 zuwa 1860. Sarakuna biyu ne dabam, l da r kaɗai suka raba su a takarda. Akawun da ya ga Haliru ya ce ai kuskure ne, Halilu a ke nufi, ya shafe sarki guda daga tarihi ke nan.

A dā irin wannan kuskure bai cika cutar da kowa ba, domin mai ɗaukar aiki ya san yaro, ya san ubansa, ya san hakiminsu. Yanzu ba mutum ne ya ke duba takardu ba, kwamfuta ce, ita kuwa ba ta san kowa ba. Tun 2014 bankuna suka ɗaure kowane mai ajiya da lamba ɗaya, tun 2021 kuma ba a yi wa ɗalibi rajistar jarrabawar shiga jami'a sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. In takardar haihuwa ta ce Sama'ila, ta firamare ta ce Samaila, ta sakandare ta ce Ismail, katin ɗan ƙasa kuma ya ce Isma'il, a wurin na'ura mutum huɗu ne. Duk shekara a lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai na kan ga samari a bakin ofis, sun ci jarrabawa da kyau, amma an ce su koma kotu su yi rantsuwa, su buga sanarwa a jarida, su bi layin gyaran suna. Kuɗin da uba manomi ya tara na makaranta ya tafi a mota da takardun rantsuwa, wani har zangon karatu ya wuce shi. In ka bi sawun abin sai ka tarar ya faro ne daga wata safiya da wani ya gaji da rubutu ya taƙaita Muhammadu ya mai da shi Moh'd. Wannan taƙaitawa, a ganina, ya kamata kowane shugaban makaranta ya hana ta a rajistarsa daga yau.

Sunan da ba a saba da shi ba shi ya fi shiga wannan haɗari. In an ɓata Abubakar, kowa ya san yadda zai mai da shi. In an ɓata Karari aka rubuta Karare ko Garari, ba mai gyarawa, domin akawu na gaba bai taɓa jin sunan ba. Haka nan sunayen da su ke farawa da Mai ko Na ko Ɗan: wani ya haɗe, wani ya raba, wani ya sa karan ɗori a tsakani, sai ka ga Mainasara a wannan takarda, Mai Nasara a waccan, na'ura kuma ta ɗauki Mai a kan suna guda, Nasara a kan sunan uba. Ni dai shawarata a haɗe su, kamar yadda a ke rubuta Nagwamatse, domin suna ɗaya ne a baki.

Abin da ya kamata a yi ba shi da wuya. Ran suna, bayan an yanka rago an raba goro, kafin wanzami ya gama aski jama'a su watse, uba ya samu takarda ɗaya. Limami ya rubuta sunan da Larabci ko ajami a sama, domin ajami yana nuna tsawon wasali, abin da Boko ba ya yi. Malamin makarantar unguwa ya rubuta shi da Boko a ƙasa, da lanƙwasarsa da waƙafinsa, yadda mutanen gidan su ke faɗarsa, ya karanta da ƙarfi tsofaffi su ji su yarda. Sa'an nan a ƙara layi na uku, watau yadda za a rubuta shi inda na'ura ba ta karɓar haruffanmu. Wannan layi ba a iya gudunsa, domin layuka biyun nan da ke ƙasan shafin fasfo, ko na wace ƙasa ne, ba su ɗaukar wani harafi sai haruffan Ingilishi 26. A nan a zubar da lanƙwasa kawai, Ɗ ta zama D, Ƙ ta zama K, kada a musanya ta da q ko wani harafi, kada kuma a sauya ko wasali ɗaya. A kan takardar nan kuma a tsai da tsarin sunayen, wanne ne na yanka, wanne ne na gida, wanne ne na uba, domin juya su gaba da baya yana jawo irin wahalar da ɓata harafi ya ke jawowa.

Da takardar nan za a tafi ofishin Hukumar Ƙidaya a yi rajistar haihuwa, wadda dokar 1992 ta wajabta a yi cikin kwana 60. Ita za a nuna wa malami ran shiga aji ɗaya. Ku kuma malamai da akawuna, in uba ya zo ba shi da takarda, ku sa shi ya faɗi sunan sau biyu, ku rubuta, ku karanta masa, in ya ce Isuhu ku bar shi Isuhu. In sunan yana da lanƙwasa ku sa masa abarsa a rajistar makaranta, domin alƙalami bai taɓa ƙin rubuta ɗ ba, wayoyin da ke aljihunku ma yanzu suna da haruffan Hausa duka. Sa'ad da za a cika takardun jarrabawar fita kuwa, kada a kwafo sunaye daga bakin yara ko daga littafin kiran suna na aji. A ɗauko babbar rajistar shiga makaranta a kwafa daga cikinta harafi harafi, a kuma kira kowane yaro ya duba nasa ya sa hannu kafin a aika.